Jirgin Malam da Aka Raba Uku

Bana shekara goma sha biyu ke nan da rasuwar maigidana. Sunansa ba zai fito daga bakina ba; ban kira shi yana raye ba, ba kuwa a jarida zan fara ba. Amma in hanya ta biyo da ku Makarfi, ku tambayi duk wanda ya fara furfura ina ne gidan Mai Jirgi, zai nuna muku. Ni Malam nake ce masa, Malam ɗin kuma zan ci gaba da cewa. Ban yi boko ba, da baki nake faɗa ana rubutawa, na kuma gargaɗi mai rubutun kada ya gyara mini magana, don kusan duk abin da za ku ji a gabana aka yi shi.

Malam manomin rake ne kamar ubansa. Bai taɓa aikin reluwe ba. Abin da ya haɗa shi da jirgin ƙasa bai wuce kai mazarƙwaila Kano ba, zamanin da jirgi ke tsayawa a tashar Gimi. Wata rana muna da ƙuruciya ya tafi Zariya, ya dawo da wani kwali ɗaure da igiya a bayan keke. A wurin 'yan gwanjon Sabon Gari ya samo shi, wai kayan wani Bature ne da ya koma ƙasarsu. Ya kwance a tsakar gida, sai ga ɗan kan jirgi wanda bai fi tsawon hannuna daga wuya zuwa yatsa ba, ga taragu kamar sandunan sabulu, ga guntayen layin dogo a tarwatse. Duk sun yi tsatsa, wani taragon ma ba ƙafa.

Na ce, "Malam, wannan fa?"

Ya ce, "Jirgi ne."

"Ai na ga jirgi ne. Na wa?"

Ya ce, "Nawa." Ya tattara kayansa ya shige ɗan ɗakin da ke jikin zaure.

Ɗakin nan ya zama tasharsa har ya bar duniya. Ya samo faffaɗan katako ya ɗora a kan duwatsu, ya jera layin ya kewayo kamar bakin faranti mai tsawo, ya bi shi da ƙananan kusoshi. Matsalar farko, jirgin da wutar lantarki aka yi shi ya yi tafiya, mu kuwa lokacin ko sandar wuta ba a kafa a unguwarmu ba. Sai ya nemo tsohon batirin mota, yana ɗora shi a keke yana kai wa mai caji. Ya haɗa waya, jirgi ya ƙi motsi. Ya kwance cikinsa, ya tarar wasu 'yan baƙaƙen abubuwa biyu da ke gogar injin sun cinye. Ina ji ina gani ya fasa batirin tocilana, ya zaro baƙin sandan da ke tsakiya, ya zauna yana goga shi a dutse har ya koma kamar ƙwayar shinkafa. Aka wuce wannan, sai ga wani ɗan faifai mai haƙora ya karye. Ya bi gari yana tambayar wa ke da mataccen agogon bango. Da ya samu, ya ciro irinsa, ya yi ta sassaƙa da ɗan zarto har haƙoran suka shiga juna.

Tun ana shuka yake wannan fama, sai da aka fara yankan rake jirgin ya motsa. Ina cikin daka na ji wata ƙara kamar ƙudan zuma ya shiga tulu. Na ajiye taɓarya na leƙa. Ga abu yana tafiya da kansa, yana jan 'yan taragunsa, ga Malam a tsugune ya riƙe haɓa. Bai yi ihu ba, ba halinsa ba ne. Ya dai ɗago ya ce, "A kawo mini ruwa." Wannan shi ne murnar Malam.

Wani zai ce to ai shi ke nan, an gyara. Ina! Nan ne ma aikin ya fara. Malam ya ce jirgin nan na ƙasar sanyi ne, launinsa ba namu ba, kayan da yake ɗauka ba namu ba. Ya kankare fentin kaf, ya shafa kore da ratsin rawaya irin wanda ya saba gani a Gimi. Ya yanka gwangwanin madara, ya like da dalma, ya yi taragon shanu mai sanduna-sanduna. Ya gina tasha da ɓargon kara, har da bencin jira da tankin ruwa. Ya yanka tsinken tsintsiya ya ɗaure dami-dami, ga rake. Shanun kuwa, bari in faɗa da babbar murya don ba wanda zai faɗa mini: ni na gina su. Da yumɓu na yi su, farare, da tozo, ƙahonin na ƙayar bagaruwa. Duk wanda ya shiga ɗakin nan shanun yake fara yabawa. Na kuma ɗinka 'yan buhuna na cika su da gero, sai dai waɗannan ɓeraye suka yi mana fashinsu tun kafin su isa Kano. Daga baya yashi muka zuba.

Mutane sun yi dariya, ba zan ɓoye ba. Magidanci da gona da iyali yana wasa da abin yara. Akwai abokinsa Ɗan'azumi mai shayi, kullum in Malam zai wuce sai ya ɗaga murya: "Direba, yaushe na Kano zai tashi? A riƙe mini kujera!" Malam ya ce, "Ya tashi tun ɗazu. Ka makara, kamar yadda ka saba makara sallar asuba." A kwashe da dariya. Amma shi wannan Ɗan'azumin, ranar Juma'a bayan an sauko, shi ne na farko a bakin ƙofa yana cewa a kunna. Ni kuwa ban taɓa jin kunyar abin ba. Mazan wasu in sun tashi daga gona majalisa suke tafiya cin naman mutane. Nawa yana gida, na san inda yake, ina jin ƙarar aikinsa.

Cikin 'ya'yan da na haifa biyu Allah Ya bar mini, namiji da mace. Macen ita ce Rabi. Tun tana rarrafe take bin ubanta ɗakin nan. Ita ce mai riƙe masa noti, ita ce mai nemo kusar da ta faɗi. A wurinsa ta koyi kwance inji da mayarwa, ta kuma koyi dokarsa ta mai: ba a sa wa jirgin nan kowane mai sai na keken ɗinki, shi ma ɗigo ɗaya a bakin allura. Yau Rabi tela ce a Ikara, kuma rabin kekunan matan garin ita ke gyara su.

Namijin shi ne ɗan farina. Shi ma ba za ku ji sunansa ba; Babba nake ce masa in ya zama dole. Yaran yanzu ba za su gane ba, sai in bayyana. A gidanmu uwa tana kunyar ɗan fari. Ba ta kiran sunansa, ba ta wasa da shi a gaban mutane, ba ta nuna ta damu da shi. Ana yaye shi dangin uba suke ɗauka. Haka aka yi: ana cire shi daga nono uwar Malam ta goya shi ta tafi da shi Taba, can ƙasar Kudan, can ya girma, can ya yi aure, can yake noman rakensa har yau. Gaisuwa muna yi, gajeriya, ido a ƙasa. Amma in buɗe baki in roƙe shi abu, ko in yi masa faɗa, ban taɓa ba. Malam ma haka. In yaron ya zo da salla yakan tsaya a bakin ƙofar ɗakin jirgi, hannu a baya, yana kallon ƙanwarsa a kan cinyar ubansu. Malam bai taɓa ce masa shigo ba. Ba ƙi ba ne. Haka muka taso muka tarar ana yi, kuma ni har gobe ban ce al'adar banza ba ce.

Da Malam ya rasu na fita takaba, aka zauna rabon gado. Gona ba ta ba da wahala ba, gida bai ba da wahala ba. Da aka zo ɗakin jirgi sai liman ya tsaya ya daɗe yana kallo. Ya ce, "Ni dai na raba shanu, na raba gonaki, amma ban taɓa raba tashar jirgi ba." Ya ba da shawara mai kyau, Allah Ya saka masa: ko a sayar a raba abin da aka samu, ko magada su yarda a bar shi wuri ɗaya na kowa da kowa. Sayarwa dai duk muka ce a'a. Rabi ta ce a bar shi yadda yake. Sai Babba ya ce, "Ni a ba ni rabona a hannu."

Hakkinsa ne, ba mai hana shi. Aka raba jirgi kamar ana raba garke. Shi namiji, rabonsa ya fi, ya ɗauki kan jirgin da yawancin taragu. Rabi ta sami sauran taragun da akwatin kayan aiki. Aka ce ni me zan ɗauka a tumunina? Na ce layin dogon, da tashar, da shanuna. Kowa ya tashi da halalinsa, ba a zalunci kowa ba, kuma daga ranar jirgin bai sake tafiya ba. Mu da muka san rabon shanu, ba wanda ya tsaya ya tuna cewa saniya in an kai ta wani gari tana ci gaba da cin ciyawa, kan jirgi kuwa in ba layi ƙarfe ne kawai.

Shekaru suka yi ta wucewa ina share layin da ba abin da ke bi. Sau da yawa in ina sharar nakan ce, da Malam zai leƙo duniyar yau, me zai ce? Tashar Gimi da ya kwaikwaya ta yi shiru, amma ana ta labarin sababbin jirage masu sanyi a ciki, da sabon layin da ake shimfiɗawa. Na san da ya tafi kallo, ya dawo ya ce taragunsu ba su da wurin shanu. Batirin da yake wahalar kaiwa caji a keke, yau ga faranti a kan rufin ɗaki yana shan rana yana ba da wuta. Abin da ya fi tsaya mini kuwa shi ne ranar da Rabi ta nuna mini a wayarta wasu tsofaffi a ƙasashen waje, da furfurarsu da tabarau, kowa da ɗaki guda cike da irin jirgin nan, suna kwancewa suna gyarawa suna nuna wa juna. Malam ya rayu ya mutu yana zaton shi kaɗai ne mai irin wannan lalurar a duniya. Ashe yana da dangi, bai sani ba. Na kalla da kyau na ce wa Rabi, "Duwatsunsu sun yi kyau, amma dubi shanun can. Na roba ne." Ba wanda ya kai mu.

Kan jirgin kuwa yana Taba, cikin kabad mai gilashi, tsakanin tangaran ɗin Hauwa matar Babba. Rabi ta nemi aro ba sau ɗaya ba, ko na yini guda, ya ce, "Rabona ne." Ta yi fushi ta bari. Sai bara ta je suna gidansa, ta dawo ta biyo ta wurina ko mayafi ba ta cire ba.

Ta ce, "Inna, Yaya zai kashe jirgin Baba."

Na ce, "Ya jefar ne?"

"Da ma jefarwa ya yi! Kula yake yi da shi. Duk shekara in zai zuba wa injin matsar rake baƙin mai, sai ya ɗauko kan jirgin shi ma ya ɗura masa. Har ya tsiyayo ya ɓata wa Hauwa kwanuka. Na taɓa ƙafafun, ko motsi. Man ya daskare ya kama ƙura, ya fara cin wayoyin ciki. In aka ƙara damina ɗaya ko biyu a haka, sai dai a binne shi."

"Kin gaya masa?"

"Na gaya masa. Ya ce shi da ya shekara talatin yana ba inji mai, tela ce za ta koya masa? Inna, ke kaɗai ce zai ji maganarki."

Na ce, "Ke, rufe mini baki. Yaushe kika taɓa ganin na yi masa magana?"

Amma abin ya zauna mini. Hannun Malam na cikin ɗan ƙarfen nan fiye da yadda yake cikin gonar. Gona kowa ya gada zai noma. Wannan kuwa in ya mutu ba mai sake yin irinsa. Ni ma ba yarinya ba ce, ina so in ji tafiyarsa kafin a kira ni. Sai dai ba zan aika a ce Inna ta ce a kawo ba. Zai kawo, don ba ya saɓa mini, amma zai kawo ne kamar wanda aka ƙwace wa, daga nan kuma shi da ƙanwarsa sun rabu ke nan. Na kuma san abin da Rabi ba ta sani ba. Ita ta sami uban, ta zauna a cinyarsa. Shi bakin ƙofa ya samu. Kan jirgin nan shi ne karo na farko da wani abu na ɗakin ya shiga hannunsa.

Lokacin matsar rake na sa aka kai ni Taba. Na tarar ana ta aiki, hayaƙi na tashi, ƙamshin mazarƙwaila ya cika unguwa. Ya zo ya durƙusa ya gaishe ni, na amsa ina kallon gefe, ya koma ya zauna a tabarma a bakin ƙofa ta waje. Ni da matarsa Hauwa muna ciki muna ɓarar gyaɗa. Mu tsofaffi muna da hanyarmu: in kana kunyar mutum, sai ka gaya wa na kusa da shi yana ji.

Na dubi kabad na ce, "Hauwa, kin san ranar da abin can ya shigo gidanmu?"

Ta ce, "A'a, Inna."

Na ɗaga murya kaɗan. "Ranar da aka yaye wani yaro aka tafi da shi, uban yaron bai ce komai ba. Ya raka su bakin hanya ya dawo. Abinci ya gagare shi. Ya shiga gona ya fito, ya zauna ya tashi. Ba halin ya yi kuka, ba halin ya ce a dawo da shi, uwar shi uban ce ta ɗauka. Da abin ya ishe shi sai ya hau keke ya nufi Zariya ba da wani dalili ba, ya dawo da kwalin nan. Ya ce mini nasa ne. Ni kuwa na san wanda ya tuna da ya gan shi a kasuwa. Ya rasa hanyar da zai miƙa, sai ya zauna yana gyarawa. Shekara da shekaru yana gyarawa. Duk salla kafin baƙin Taba su iso, sai ya goge shi, ya gwada shi, ya buɗe ƙofar ɗakin ya bar ta a buɗe. Shi bai iya cewa shigo ba, wancan bai iya shigowa ba a ce masa ba."

Hauwa ta daina ɓara.

Na ce, "Ni dai abin da na sani, mutumin nan bai taɓa son ganin jirginsa a tsaye ba. Miƙo mini ruwa in sha, rana ta yi, zan koma."

Da zan fita na tarar tabarmar ba kowa. Na dawo Makarfi ban san ko na gyara ko na ɓata ba. Aka yi kwanaki shiru. Sai ranar wata kasuwar Ikara, Rabi tana kan keke, ta ga mutum ya tsaya mata a ƙofar shago da ƙunshi a tsumma. Ita ta ba ni labari.

Ya ajiye a kan teburin yanka ya ce, "Ga shi. Amma a gabana za ki buɗe."

Ta ce, "Yaya, ka bar rake a kan wuta ka zo kallon tela?"

Ya ce, "Yi aikinki, sarkin surutu."

Ta kwance shi, ta jiƙa a kananzir, ta yi ta wankewa da tsohon burushin haƙori, baƙin mai na fita kamar kwatar gidan rini. Ta ɗago ta ce, "Wannan man da ka zuba ai ya isa kai tirela Legas." Bai yi fushi ba. Ya ce ta ba shi burushin. Ƙafafun suka warware, haƙoran suka fito fes. Amma injin ciki ya riga ya tafi, wayoyinsa sun ruɓe. Rabi ta ce ba komai, akwai ƙaramin inji da za ta sa a aiko mata ta waya, ya zauna daidai wurin. Nan Babba ya dafe abinsa. Ya ce in aka cire zuciyar aka sa wata, ai ba na Baba ba ne kuma. Suka yi ta ja, har suka kwaso rigimar suka kawo mini gida. Ya tsaya daga waje ya ce wa Rabi, "A tambaya."

Na ce, "Rabi, gaya wa mai tambaya: baƙin abin da ke gogar injin, na tocilana ne. Faifan haƙoran na agogon wani ne. Fitilar gaba daga rediyo aka ciro ta. Bututun hayaƙin murfin alƙalami ne. Fentin ma ba da shi ya zo ba. In na asali ake nema, ban da ƙafafu ba abin da ya rage. Malam bai taɓa barin mataccen abu a cikin jirginsa don girmamawa ba. Da yana nan, da tuni ya cire ya sa sabo, ya kuma tsaya yana yi wa masu sabon gyara."

Na ji ya yi 'yar dariya ta hanci. Ya ce a sa, amma a ba shi tsohon. Yana nan a kabad ɗin Hauwa, inda kan jirgin yake a da.

Ranar da za a gwada, Juma'a ce bayan an sauko. Rabi ta zo da taragunta, shi ya zo da nasa da kan jirgin. Na goge layi, na jera shanuna a taragonsu. Aka jawo waya daga batirin farantin rana. Har Ɗan'azumi aka riƙo, ya tsufa ba ya gani sosai, yana cewa, "A ba ni kujerar gaba, yau ban makara ba." Babba ya zo bakin ƙofa ya tsaya inda ya saba tsayawa. Rabi ba ta san kunya ba, ta kama hannun rigarsa ta jawo shi ciki, ta ɗora hannunsa a kan abin murɗawa.

Ya murɗa. Jirgin ya ɗan yi rawa, ya ja. Gaskiya sautin ba irin na da ba ne, sabon injin ba shi da murya, kuma na ji rashinta. Amma yana tafiya. Ya wuce tasha, ya wuce tankin ruwa. Mutumin nan da ya saba da injin rake sai ya ga tafiyar ta yi masa sanyi, ya murɗe abin har ƙarshe. Jirgi ya kwasa da gudu, ya iso inda layin ya lanƙwasa, ya yi tsalle ya kife. Shanuna suka watse a ƙasa, babban bijimin ya karye ƙaho.

Ban san lokacin da na ce, "Kai! Rage gudu a kwana mana! Haka aka ce maka ana tuƙi? Dubi abin da ka yi wa bijimina!"

Rabi ta toshe baki. Sai a lokacin na lura da wanda nake yi wa faɗa, ido cikin ido: mutum mai furfura a gemu, mai surukai. Ya dube ni, ya daɗe. Duk rayuwarsa Hajiya yake ce mini, kamar baƙuwa. Ya sunkuya ya tsince bijimin da ƙahon, ya miƙo mini da hannu biyu, ya ce, "Yi haƙuri, Inna. To nuna mini yadda ake yi."

Na nuna masa. Ai na fi kowa sani, na shekara nawa ina kallo.

Kan jirgin har yau rabonsa ne, ban ce ya bari a nan ba, shi ma bai ce zai bari ba. In an gama yakan naɗe shi ya koma da shi Taba, ya dawo da shi wata Juma'ar. Ya sayi kwalbar man keke tasa ta kansa. Yanzu haka yana fama da gwangwani, wai taragon mazarƙwaila yake yi. Ya karkace, Rabi ta ce kamar akurkin kaji, ya ce ta jira ta gani. Sunansa dai ban fara kira ba, kuma ba zan fara ba. Faɗa kuwa yana shan sa.

In aka ce me Malam ya bari bayan shekara goma sha biyu, ba zan ce gona ba, don gonar an yanka ta, wani gefen ma an yi gini. Ba zan ce ƙarfen ba, don kun ji da kunnenku kusan babu na asali a ciki. Abin da ya bari shi ne halin nan nasa na ƙin yarda cewa abu ya mutu tun ba a buɗe cikinsa an duba ba. Rabi ta ɗauka tun tana ƙarama. Ɗayan ya ɗauka da furfura, kuma bai makara ba. Allah Ya jiƙan Malam, Ya yalwata masa makwanci, Ya sa ya huta. Mu da muka rage, ranar Juma'a ƙofar ɗakin a buɗe take, kuma yanzu duk wanda ya tsaya a bakinta ana ce masa ya shigo.